Ranar da Na Kai Latin Wurin Raɗin Suna

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta mutanen Maijirgi ba za su bar ni ba, da safiyar da na tsayar da wuƙa a wuyan rago don in koya wa dattawa yaren Latin. Da takalmi ƙafa ɗaya na yi wannan karatu, a ƙofar gidan surukaina.

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko. Amma kada ku ɗauka na iya Latin ɗin nan. Abin da na mallaka a cikinsa bai wuce ƴar magana ɗaya ba, ex aequo, wadda mu muke furtawa "egzeko". Duk wanda ya zauna a benci a ƙasar nan ya san ta. Ranar da za a faɗi sakamakon jarrabawa, in yara biyu suka tashi da maki ɗaya, sai mushe, wato malamin aji, ya ce su biyun na ɗaya ne ex aequo, babu wanda ya wuce wani, sannan a tsallake na biyu a faɗa kan na uku. Wani tsohon mushenmu na koleji ne ya gaya mana cewa maganar ba Faransanci ba ce, aro ce Faransawa suka yi daga Latin, yaren Rumawan da, wanda yanzu babu kasuwar da za ka sayi gishiri da shi. Ya ce "ex" yana nufin "daga", "aequo" kuma fili ne shimfiɗaɗɗe, ba tudu ba kwari. Wato mutum biyu sun tsaya a ƙasa ɗaya, kansu ya zo daidai. Na san Hausa tana da kunnen doki, tana da canjaras, amma a lokacin gani nake waɗannan na ƴan ƙwallo ne da ƴan kokowa, tawa kuwa ta masu ilimi ce.

Dalilin da ya sa na riƙe ta da hannu biyu shi ne ni mutum ne da ba ya iya ganin ran wani ya ɓaci. In yara biyu suka kawo mini ƙara, kowa da gaskiyarsa. In aka tambaye ni tsakanin kilishin wane da na wane, duk sun yi. Ban daɗe da fara aiki ba ɗalibai suka laƙaba mini Mushe Egzeko (suna zaton ban sani ba, ni kuwa a ɓoye har daɗi nake ji).

Wannan halin ne ya kai ni ya baro ni.

Maijirgi aka fara tura ni aiki, ina gwauro, na kama ɗaki jikin gidan wani manomin gyaɗa. Da damina ta yi tsakiya zazzaɓi ya kayar da ni, ba uwa ba dangi. Matar maigidan nan, wadda gari duka ke kira Inna Ladi, ita ta tsaya mini. Kullum da safe ga kunu da zafinsa, da yamma ga ruwan ganye na sirace, in ban shanye kunun ba a dawo mini da kwanon tare da faɗa. Wadda ake aikowa da kwanon ita ce ɗiyarta Zainabu. Zazzaɓi ya tafi, wani ciwon ya zauna. Wata rana muna zance a ƙofar gida, ana gab da bikinmu, daɗin hira ya ɗebe ni na ce mata, "In Allah ya ba mu ɗiya mace, sunan Inna za ta ci." Har cikin raina na faɗa. Kafin rana ta faɗi maganar ta isa kunnen mai sunan.

Alkawari na biyu a garinmu Attantane na ɗauke shi, bayan an maido ni aiki Tasawa, Zainabu kuma tana da ciki. Na je gaida mahaifiyata, sai ƙanwar babana, Gwaggo Rabi, ta ja ni bayan rumbu.

"Kai, saurara," in ji ta. "Yayyenka duk maza sunka haihwa. Uwarka har yau ba ta da takwara ko guda cikin jikoki, kuma ka san ba ta buɗa baki ta roƙa. In mace ce, ka san abin da ya kamata."

Na leƙa na hango mahaifiyata tana sheƙar wake, tana yi kamar ba ta san abin da ake faɗa ba. Tausayinta ya kama ni. Na ce, "Gwaggo, an gama." A kan hanyar komawa na tuna da na farkon, amma na lallashi kaina da cewa zuri'armu ta maza ce. Yayyena duk maza suka samu, ni ne zan fita daban?

Ni ne kuwa na fita daban. Zainabu ta tafi gidansu goyon ciki kamar yadda ake yi a haihuwar fari, ina cikin aji aka bugo mini waya aka ce ta sauka lafiya, an sami mace. Wallahi na yi murnar da ban taɓa yin irinta ba, har na sallami yara kafin lokaci. Ina cikin murnar ne na ji kamar an zuba mini ruwan randa a gadon baya. Taura biyu ba ta taunuwa, ni kuwa ga su nan na cusa a baki.

Labari ya fara iso ni daga ɓangarorin biyu. Daga Attantane aka ce mahaifiyata ta ware jar akuya za ta kawo wa takwararta. Daga Maijirgi aka ce Inna Ladi ma ta ɗaure tata jar akuyar, har tana ba ta dussa da hannunta. Na daina cin abinci da daɗi. In na sa sunan mahaifiyata, matar da ta yi jinyata, wadda a lokacin nan take tashi tun asuba tana dafa wa matata ruwan wankan jego, za ta ji an kira wani suna a cikin gidanta. In na sa nata, da wane ido zan kalli uwata da ta yiwo doguwar tafiya da akuya a motar kasuwa?

Za ku ce me ya hana ni shawara da Zainabu. Ai na buga mata. Sai dai mai jego ba ta zama ita kaɗai, ina jin muryar Inna Ladi kusa da wayar tana cewa a gyara wa jaririya kwanciya. Na yi ƙasa da murya na ce, "Akwai ƴar matsala game da suna."

"Wace iri?" in ji ta.

Nan girman kai ya taso mini. Na ce, "Bar shi kawai, ki ji da jikinki. Ni da nike raba gardamar yara kullum, wannan ba ta gagara ta."

Sai ta ce, "To, Mushe." Na ji kamar akwai dariya a ƙarƙashin muryar, amma na ɗauka murnar haihuwa ce.

Ranar suna ta zo ban yanke komai ba. Ku tuna kuma ɗiyar fari ce. Uban ɗan fari ba ya zama wurin raɗin suna, ɓuya yake yi don kunya, manyansa su tsaya masa. Wanda ya tsaya mini shi ne ƙanen babana, Baba Sale, shi ya zo da rago da goro da dabino. Ni kuwa na laɓe wurin wani mai shayi a bayan layi, inda ba a ganina amma ina jin hayaniyar taro. Da hantsi Baba Sale ya biyo ta wurin.

"Sunan uwarka za a sa, ko? Gwaggonka ta hwaɗa mani."

Na buɗe baki, na rufe, na sunkuyar da kai. Shi kuwa ya ɗauka kunya ce irin ta ɗa mai tarbiyya. Ya dafa kaina ya ce Allah ya yi mini albarka, ya wuce.

Na zauna da kofin shayi yana hucewa a hannuna. Ba abin da nake gani sai fuskar Inna Ladi. Na san ba za ta ce komai ba, za ta yi guɗa tare da mata, ta raba tuwo, ta ba da akuyarta, sannan ta shiga ɗaki ita kaɗai. Wannan shi ya fi ci mini rai. Ina cikin haka sai dabara ta faɗo mini, irin dabarar da in ta zo maka ya kamata ka nemi wuri ka kwanta har ta wuce. Na ce ashe ina da magani a aljihu ina ta wahala! Na dire kofi na zura da gudu. A kwanar layi takalmina ɗaya ya maƙale cikin yashi, ban tsaya ɗauka ba.

Na iske maza sun cika tabarmi a ƙofar gida. Ga liman, ga surukina kusa da shi da carbi, ga Baba Sale. An riga an kayar da ragon, mutum biyu sun danne shi, an ɗora wuƙa. Maroƙin unguwa ya gyara tsayuwa yana jiran a ba shi suna ya yi shela. Bayan zana kuwa mata ne maƙil, ana ta daka.

"Ku dakata!"

Da muryar aji na faɗe ta, wadda nake sawa in na baya suna surutu. Kowa ya juyo. Baba Sale ya zaro ido yana yi mini alama da hannu in ɓace, amma ina, na riga na hau.

"Bon," na ce (har yau in na tuna da wannan "bon" ɗin na Faransanci sai na rufe fuska), "ku gahwarce ni, iyayena. Akwai wata ƙa'ida da muke aiki da ita a lakwal, ana ce mata ex aequo. Latin ce."

Na durƙusa na share yashi da tafin hannu kamar allo, na rubuta ta da yatsa, manyan baƙaƙe, har na ja layi a ƙarƙashi. Na yi bayanin "ex", na yi bayanin "aequo", na kawo zancen filin da ba tudu ba kwari. Na ce ina da uwaye biyu, kowace na yi mata alkawarin takwara, kuma a wurina babu ta ɗaya babu ta biyu. Saboda haka shawarata ita ce a sa wa yarinya sunayen duka biyun, amma don kada wani ya riga wani fita, liman ya faɗi ɗaya, maroƙi ya faɗi ɗaya, a numfashi guda. Har na ce zan ɗaga hannu in ba su alama, kamar yadda nake yi in yara za su fara waƙa.

Ragon ne kaɗai ya ba ni amsa, ya yi wani dogon kuka.

Liman mutum ne mai haƙuri. Ya dubi rubutuna a ƙasa, ya dubi ƙafata marar takalmi, ya ce, "Mushe, mun ji karatu. Sai dai rago guda ne, wuƙa guda, ɗiya guda. Amma bari mu bi ka a hankali. Na mahaihiyarka Malam Sale ya riga ya hwaɗa mani. Na biyun hwa?"

"Ba na biyu ba ne, Malam. Shi ma na ɗaya ne."

"To, na ɗayan na biyu. Mi ne ne shi?"

A nan ne ƙasa ta fara juya mini. Sai a lokacin na gane cewa duk tsawon zamana da mutanen nan ban taɓa sanin sunan yankan surukata ba. Wa zan tambaya? Suruki ba ya tambayar wannan, ko hanya muka haɗa da ita kaucewa nake yi. Na dubi surukina ko zai cece ni, na ga ya duƙufa kan carbinsa kamar yau ya fara ganinsa. Jama'a na jira. Bakina kuwa, da ya saba in an yi tambaya a ba da amsa, bai yi shawara da ni ba.

"Ladi!"

Gatsal, ba Inna ba komai, da ƙarfin da na ƙarshen layi zai ji. Na kira sunan surukata a ƙofar gidanta, gaban mijinta, kamar ina kiran sunan ɗaliba mai makara. Taɓaren da ke daka bayan zana suka tsaya cak. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Sai aka ji wata dariya daga gefen tabarma, irin ta tsofaffi mai haɗe da tari. Kakan Zainabu ne, mahaifin Inna Ladi, tsohon da tun ranar aurenmu yake kirana ɓarawon mata, wai na ƙwace masa amarya. Ya dogara sandarsa ya nuna ni da ita.

"Kai ɓarawo! Ka ɗauke mani amarya ban ce komi ba, yanzu kuma ɗiyata kaka kira haka tsirara? To bari in ƙara maka karatu. Ranar Lahadi anka haihe ta, shi ya sa aka ce mata Ladi. Amma ni na yanka mata rago da hannuna, kuma Hauwa'u na sa mata." Ya juya. "Sale, wane suna kac ce ma liman ɗazu?"

Baba Sale, wanda ya riga ya rufe baki da hannun riga, da ƙyar ya iya fitar da shi. "Hauwa'u."

Jama'a, ban taɓa jin dariya irin ta ranar nan ba. Masu riƙon rago suka kusa sakinsa. Surukina, mutumin da ban taɓa ganin haƙorinsa ba, ya kifa kai a gwiwa kafaɗunsa na rawa. Liman ya share hawaye da gefen rawani ya ce, "To Mushe, ashe egzekon naka tun kahin a haihe ka anka yi shi. A ba mu wuri mu yanka?" Aka yi bisimilla, aka shafa fatiha, maroƙi ya ɗaga murya ya ce an sami Hauwa'u, mata suka ɗauki guɗa. A cikin guɗar nan na jiyo muryar mahaifiyata sarai daga bayan zana.

"Takwara, kin ji ɗanki?"

"Na ji shi, Takwara," in ji Inna Ladi. "Yau dai naki ne, na bar maki."

Ashe tun ranar bikinmu haka suke kiran juna. Gwaggo Rabi ta sani, Baba Sale ya sani, mata duka sun sani. Ni kaɗai ne kunya ba ta taɓa barina na zauna inda su biyun suke ba, balle in ji.

Na so in sulale, amma maroƙi ya riga ni. Mai shayi ya kawo takalmina, maroƙin kuwa ya karɓe ya ɗaga sama yana yi mini kirari: "Mushe mai takalmi guda, mai suna biyu! Na Hauwa'u, surukin Hauwa'u, uban Hauwa'u!" Haka na bi shi a baya ina ɗingishi a zafin yashi har ya gaji don kansa ya ba ni.

Da la'asar, da mutane suka ragu, aka ba ni dama na leƙa ɗakin mai jego. Zainabu na ganina ta cusa fuska a zane, dariya na neman tayar mata da ciwo. Na ce, "Ke kin sani kika bar ni ina ramewa?"

"Ka tambaye ni? Cewa ka yi ba ta gagara ka."

Na karɓi ɗiyata na zauna ina kallonta, tana barcinta ba ruwanta da Rumawa. Can Zainabu ta goge ido, muryarta ta canza, ta ce, "Inna ta ba ni saƙo. Ta ce a hwaɗa maka ta yahe kiran sunan. Ta ce tunda take, ba a taɓa samun wanda ya yi gudu har ya yar da takalmi don kada ranta ya ɓaci ba." Na sunkuyar da kai kamar ina gyara wa jaririya hula, don kada ta ga idona. Kunyar ba ta tafi ba, amma daɗin da na ji ya fi ta nauyi.

Yarinya ta tashi da akuya biyu, duka jajaye, kuma kada ku tambaye ni wadda ta fi kyau. Da yake daga ni har uwarta babu mai iya kiran sunan, a gida Ummi muke ce mata. A Maijirgi kuwa Kaka ya riga ya yanke hukunci, in ta je hutu daga bakin tasha ake fara kiran "Ga Egzeko ta zo!", ita kuma tana amsawa da murnarta. Yanzu ta shiga lakwal, kuma bara da mushensu ya yi musu bayanin kalmar, ta ɗaga hannu ta ce ai ta san labarinta, ta kwashe komai ta gaya wa aji, har da takalmin.

Har gobe ina koya wa yara ex aequo, da "ex" ɗinta da "aequo" ɗinta. Sai dai in na gama nakan ƙara musu da abin da Rumawa ba su rubuta ba: matambayi ba ya ɓata, kuma kafin mutum ya tafi Rum neman magani, ya fara tambayar matarsa.